Rigar Kwalbar Mai Kemis

Jama'a, ku gyara zama, yau ƙarar kaina na kawo muku da kaina. Duk wadda ta san za ta yi min dariya ta yi abarta, ni dai na riga na sha ta Ummanmu, ta wani ba za ta ƙara min komai ba.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu, ni ce autar gidanmu, kuma Auta kowa yake kirana har na kusa manta sunana na gaskiya. Ummanmu tela ce. Ɗakin ɗinkinta yana jikin falon Baba, bango ɗaya ya raba su, a ciki akwai keke biyu, nata da nawa, da teburin yanka, da wani ƙaton kwando da muke zuba ƙyallaye. A ɗakin nan na girma, a nan na koyi riƙe almakashi tun ina tsayawa a kan kujera kafin in kai tebur. Yayyena mata duk sun yi aure sun bar ni, shi ya sa idon kowa a gidan ya dawo kaina.

Umma tana da wata aminiya, aminiyar kuma tana da ɗa injiniya. Kun dai gane sauran. Umma ba ta taɓa cewa dole ba, kullum cewa take ita ba za ta yi wa 'yarta dole ba, amma tana faɗa ne tana auna kafaɗata da tef don ta ɗinka min sabuwar riga. Injiniya ba shi da laifi, Allah ya sani. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa a gidansu, ya zaunar da ni ya yi min bayanin bambancin kwanon rufi mai kauri da marar kauri har shayina ya huce. Mutumin kirki ne, zai dace da wata baiwar Allah mai son kwanon rufi. Baba kuwa magana ɗaya ya yi: in ina da wanda nake so, ya zo ya gan shi, in babu, Injiniya zai zo ranar Asabar da yamma mu gaisa da sanin manya.

To ina da wanda nake so. Matsalar ita ce shi bai taɓa cewa yana sona ba.

Mai Kemis ne, na bakin titinmu. Dogo ne siriri, da gilashi, da farar rigar aiki da kullum za ka rantse yanzu aka sauke ta daga kan teburin guga. A wurinsa nake karɓo wa Umma maganin hawan jini, a haka ya karɓi lambata wai don ya riƙa sanar da ni idan maganin ya iso. Bawan Allahn nan tsafta ta yi masa yawa. Yana da wata 'yar kwalbar roba ta sanitaiza, wannan ruwan mai sanyi da ake matsawa a tafin hannu a murza don kashe ƙwayoyin cuta. In ya taɓa takardar likita sai ya matsa, in ya gaisa da mutum sai ya jira ya juya baya ya matsa. Abin dariyar kuma, kullum cikin neman kwalbar yake. Za ka gan shi yana laluben aljihu, yana ɗaga kwalaye, yana leƙa ƙarƙashin kanta, hannuwa a sama kamar wanda ya taɓa manja.

Saƙonninsa kuwa, bari in karanto muku ku taya ni jin haushi. Da farko: “Salam. Maganin Umma ya iso.” Bayan an kwana biyu: “Salam. Ana ta mura a gari, a kula da wanke hannu.” Wata rana da ban bi ta gaban shagon ba ya rubuto: “Jiya ban ga wucewarki ba. Lafiya dai?” Na karanta, na rungume wayar, na yi juyi a tsakar ɗaki. Kafin in gama juyin wani ya shigo: “Saboda murar nan na tambaya.” Wata da watanni muna a haka. In na shiga shagon sai ya rasa inda zai sa idonsa, ya ba ni magani ya manta bai sa a leda ba, ya raka ni har bakin ƙofa, sannan ya ce a gaida Umma. Iyakarsa ke nan.

Da maganar Asabar ta taso na kira babbar yayata ina kumbure-kumbure. Ta gama dariyarta ta ce ba za ta ba ni shawarar in fara furtawa ba, amma babu wanda ya hana mace tsokana. A nan dabarar ta zo min. Zan ɗinka wa kwalbar nan tasa riga, 'yar jaka mai maɗauri da zai rataya a bel ɗinsa ya huta da nema. Amma ba da baƙin yadi ko ruwan ƙasa irin na maza ba. Da yadi mafi ihu da zan samu, irin wanda ko yarinya 'yar shekara biyar sai ta yi tunani kafin ta sa. In ya rataya ta a ƙugunsa a gaban mutane, to akwai magana a bakinsa, zan san yadda zan ciro ta. In ya jefa ta a durowa, in goge rigata in zauna in ƙara ilimi a kan kwanon rufi.

Abu na farko awo. Tela ba ta yanka da ka, kuma kwalaben nan kowacce da girmanta. Na je shagon na ce filasta nake so, na kuma roƙi aron sanitaizarsa. Ya yi ta nema har ya gano ta a bayan kwalin sirinji. Da ya juya ɗauko filasta na zaro zaren da na ɓoye a cikin mayafina, na zagaya cikin kwalbar na ƙulla, na auna tsawonta na sake ƙullawa, na zagaya wuyan murfin. Juyowar da zai yi ya kama ni.

“Ta yi wani laifi ne aka ɗaure ta?”

“Awo nake mata,” na ce. “Ɗinki za a yi mata.”

Ya yi dariya har gilashinsa ya zamo, a zatonsa wasa nake.

Abu na biyu ɓoye sawu, kuma a nan ne na ɗauka na fi kowa wayo. Ban taɓa kwandon ƙyallayenmu ba, don Umma ta san duk abin da ke ciki. Za ta ɗauki ƙyalle bai fi ɗan yatsa ba ta gaya maka na wace ce, da bikin da aka ɗinka shi dominsa, da irin rigimar da mai shi ta yi a kan wuyan riga. Sai na tafi kasuwa wurin wata ƙawata tela na tono nata kwandon. Na samo wani ruwan hoda mai ƙyalli da manyan furanni rawaya, kai, ni kaina da na ɗaga shi sai da na runtse ido. Na haɗo da ɗan yadi ruwan toka na shafi, wato wanda ake sa wa daga ciki, da sabon zare, da maɓallin ƙarfe mai latsawa. Ko allura ban yarda na ɗauka daga gwangwanin Umma ba.

Washegari da hantsi Umma ta tafi yi wa wata maƙwabciya da ta haihu barka. Tana fita na rufe ƙofa na baje kayana. Na shimfiɗa zaren awon a kan yadin na zana da alli, na ƙara ɗan wuri na ɗinki, na yanka na waje da na shafi. Na manna wa na wajen gam, wannan farin yadi mai danƙo, da dutsen guga don ya tsaya da ƙafarsa kada ya yi laushi kamar safa. Dabarar da na fi alfahari da ita ita ce kwalbar a kife za ta zauna, murfinta ya leƙo ta wata 'yar ƙofa a ƙasa, yadda zai buɗe ya matsa ba sai ya ciro ta ba. Ƙofar nan ta ba ni wuya. Keke ba ya iya zagaya da'ira ƙarama haka, sai da hannu na bi bakinta a hankali. Na gwada da wata kwalbar turare mai kusan girman zaren awona, ta ƙi shiga, ashe gam ya cinye min wuri. Na zauna na farke gefe guda da reza ina zagin kaina, ina zagin Mai Kemis, ina zagin mura. A karo na biyu ta shige sumul.

Saura maɗauri. Duk tela ta san inda maɗauri ya haɗu da jiki nan ne abu yake fara yagewa. Yawancin mutane keke suke maimaitawa a wurin, gaba da baya, har ya yi tudu. A ɗakinmu ba a haka. Umma ta koya mana mu gama da hannu: ƙananan ɗinki da suke fitowa daga rami ɗaya su bazu kamar ƙafar tsuntsu, sannan a tura ƙullin ya ɓuya tsakanin yadi da shafi. Tun ina ƙarama nake yi, in ban yi ba ta sa ni farkewa. Hannuna ne ya yi abinsa, ni hankalina yana can yana hango fuskar Mai Kemis. Na gama, na share ɗakin tas, na buɗe ƙasan keke na hure burbushin ruwan hoda, na kai guntayen can bolar bayan layi. Da Umma ta dawo ta same ni ina kalmasa zanin wata mata, fuskar nan tawa kamar ta waliyyiya.

Da yamma na kai masa a cikin ambulan. Akwai wani tsoho a shagon yana jiran maganin tari, kuma a gabansa ya buɗe. Ya ciro ta, furannin nan suka haska shagon. Tsohon ya leƙo ya tambaya ko ta wata ƙaramar yarinya ce aka manta. Mai Kemis ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya latsa maɓallin ya buɗe ya sake latsawa. Kunnuwansa na ga sun canza launi. Sai ya ce, “Na gode,” ya zura ta a aljihu, ya juya ya ci gaba da ƙirga wa tsoho ƙwayoyi. Na fito raina a ɓace, ina tafe ina harbin duwatsun hanya. Har na kwanta babu saƙo.

Da safe ina shan shayi wayata ta yi ƙara. Hoto ne. Ga bel ɗinsa baƙi, ga gefen farar riga, ga 'yar jakata tana lilo a tsakani, murfi ya leƙo ta ƙasa yadda na tsara. A ƙarƙashi ya rubuta: “Ta yi daidai.” Can kuma: “Tun da na buɗe shago ban neme ta ba.” Sai na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo. Ta sake ɓacewa. Na ajiye kofin, na riƙe wayar da hannu biyu. Saƙon ya shigo: “A kula da wanke hannu.”

Wallahi saura kaɗan in tsoma wayar a cikin shayin. Amma dai ya rataya, kuma wannan ya ishe ni yin waƙa a banɗaki.

Abin da ban lissafa ba shi ne kan Umma. Ranar ta tashi da ciwon kai, ta aike ni kasuwa sayen zif da zare, ita kuma ta yafa mayafi ta tafi kemis da ƙafarta a gwada mata jini. Rabon da ta taka shagon nan har na manta. Ni ban ma san ta fita ba. Na dawo na same ta a kan kekenta tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, ta ce kan ya sauka, ta ce in zauna in haɗa hannun rigar da ke kan tebur. Da ina da hankali da waƙar nan kaɗai ta ishe ni gargaɗi, don Umma ba ta waƙa sai ta kama wani.

Muna cikin aiki, ba tare da ta ɗago ba, ta ce yau ta ga abin tausayi. Wai yaron nan na kemis, yaro mai natsuwa, wata ta ɗinka masa wani tarkace ya rataya a ƙugu yana yawo da shi. Na ji allura ta kusa shiga yatsana. Na ce, “Allah sarki,” na ci gaba da taka keke.

Ta ce launin kaɗai ya isa a kai mutum asibitin ido. Wannan bai dame ni ba, da gangan na zaɓa. Na ce ai mutane ba su da tsoron Allah.

Ta ce daga gani yarinyar ba ta da uwa a kusa, ko kuma uwar ba ta san allura ba. Na ƙara wa keke gudu.

Ta ce ɗinkin gefen a karkace yake kamar tafiyar mashayi. Jama'a, ɗinkin nan da alli da ma'auni na zana shi. Na ce wataƙila hasken shagon ne ya sa ta ga haka. Ta ce wane haske, ita da ta shekara talatin tana kallon ɗinki. Ta ƙara da cewa sakarar ma ba ta san sama da ƙasa ba, ta huda abu ta gindi ta kife kwalba. Na ce, a hankali dai, ƙila don ya riƙa matsawa ba sai ya ciro ba. Ta ce ƙila, ta gyara zaman gilashinta. Na ɗauka an wuce wurin, har na fara sauke numfashi.

“Abin da ya fi ba ni haushi,” in ji ta, tana cizge zare da haƙori, “ƙyuya. Ko shafi ba ta sa ba. Yadi falle ɗaya ta naɗe ta kai wa bawan Allah.”

“Akwai shafi,” na ce. “Ruwan toka ne, har gam na...”

Keken Umma ya tsaya. Nawa ma ya tsaya. A ɗakin nan babu abin da ake ji sai fanka.

Ta sunkuya ta jawo jakarta daga ƙarƙashin tebur, ta zuge, ta ciro 'yar jakata da kwalbar a ciki, ta ajiye a kan keken tsakaninmu. Sannan ta fara dariya. Ta yi har ta cire gilashi tana share hawaye da gefen ɗankwali, ni kuwa ina zaune ina addu'ar ƙasa ta tsage. Da ta lafa ta ɗaga maɗaurin ta nuna min wurin da farcenta.

“Yadin ba namu ba ne, zaren ba namu ba ne. Kin yi ƙoƙari. Amma wannan ƙafar tsuntsun, duk garin nan mata nawa ne suke yin ta? Ni, da 'ya'yan da na haifa. Yayyenki kuma suna gidajen mazajensu.”

Ta ce tun daga bakin ƙofa launin ya ja idonta, da Mai Kemis ya matso zai ɗaura mata abin gwajin jini a hannu sai ga ɗinkinta yana kallonta daga ƙugun ɗan mutane. Ta tambaye shi wa ya yi masa. Ya ce wata ce. Ta ce wace watan. Ya ce wata baiwar Allah ce. Ya rikice har sai da ya maimaita gwajin, na farko ya nuna jinin da in da gaske ne da tuni an kwantar da ita. Sai ta ce masa akwai gyara a ɗinkin, ya kwance ya ba ta. Ya kwance ya miƙa da hannu biyu. Ta ce masa in yana son abarsa ya zo gida ya karɓa a hannun mai gidan, kuma kada ya wuce Asabar.

Na ce, “Umma, kin kashe ni.” Ta ce ban mutu ba tukuna. Sai ta daina dariya, ta juyo da kujerarta ta fuskance ni sosai.

“Ya ce yana sonki?”

Na sunkuyar da kai ina wasa da tef.

“Auta, tambayarki nake.”

“Bai ce ba.”

Ta ajiye 'yar jakar a kan keke. Ta ce ita ba ta ƙi yaron ba, ta ga natsuwarsa, kuma namijin da zai rataya wannan abin a ƙugu ya tsaya a gaban jama'a ba ƙaramin abu ne ya kama shi ba. Amma ba za ta kunyata aminiyarta ta shekara da shekaru a kan mutumin da bai buɗe baki ba. In ya zo da ƙafarsa ya yi magana, ita da kanta za ta san abin da za ta gaya wa aminiyar. In ya aiko a karɓar masa, ko ya yi shiru ya sayi wata kwalbar, to in goge rigata. Ta kuma kafa min sharaɗi: kada in taimake shi da ko kalma ɗaya. A nan ne dariya ta bar ni gaba ɗaya. Tsoro na ji, na gaske, don na san mutumina. Mutumin da ya kasa gama saƙo a waya, shi ne zai zauna a gaban Baba?

Ko minti biyar ba a yi ba wayata ta yi ƙara a kan teburin yanka. “Salam. Umma ta tafi da ita.” Wani ya biyo: “Me zan yi?” Na ɗago, Umma tana kallona ta saman gilashi. Na rubuta “ka zo” na goge. Na rubuta “don Allah” na goge. Sai shaiɗanin tsokanar nan nawa da ba ya barina ko a cikin tashin hankali ya karɓi yatsana, na tura masa: “A kula da wanke hannu.” Na nuna wa Umma, ta ce wannan ba taimako ba ne, ya halatta. Ya karanta. Bai amsa ba.

Daga nan shiru. Ranar ta wuce, washegari ta wuce, babu saƙo, babu ko alamar yana rubutu. Na yi nadamar saƙon nan kamar in ciji yatsa. Na riƙa cewa a raina yanzu ya ɗauka wasa nake da shi tun farko, ya ɗauka ni da Umma muka haɗa baki mu mayar da shi abin dariya. Umma ta hana ni bi ta bakin titi, ko burodi za a saya sai ta ce in zagaya ta baya. 'Yar jakar kuwa Baba ya karɓa ya ajiye a kan teburin falonsa kusa da rediyo, kullum in na kai masa shayi sai ya dube ta ya dube ni ya ce launin yana taimaka masa wurin farkawa.

Ranar Asabar da azahar na goge rigar. Shuɗiya ce mai duhu, da ƙananan duwatsu a wuya da bakin hannu, Umma ta zuba mata aiki kamar ba gobe. Na sa, na ɗaura ɗankwali, na zauna a ɗakin ɗinki don nan ne kaɗai ba a ganin fuskata daga tsakar gida. Ban yi kuka ba, amma kwallin da na sa sai da na sake shi. Umma tana gefe tana sa wa wata riga maɓalli, ita ma ta daina waƙa. Kowace sallama na ji a waje sai in leƙa taga.

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa, a hankali, irin na mai fatan kada a ji. Baba ya fita da kansa. Na ji muryar da ta amsa gaisuwa, na miƙe tsaye ban sani ba har tef ya faɗi daga cinyata. Ta labulen taga na hango shi yana cire takalmi. Babu farar rigar aiki. Wata doguwar riga ce sabuwa fil, layin ninkin shago yana nan a bayanta da ƙirjinta, mutumin da kullum yake a goge yau ya manta da guga.

Na manna kunne a bangon da ya raba mu da falo. Umma ta ce min wannan rashin kunya ne, 'yar mutunci ba ta laɓe. Sannan ta ture ni da kafaɗa ta karɓe wurin da ya fi kusa da ƙofa.

Baba ya ja gaisuwa kamar ba za ta ƙare ba. Ya tambayi iyayensa, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ko gaskiya ne maganin tari yana sa barci. Mai Kemis yana amsawa da kalma ɗaya-ɗaya, muryarsa can ƙasa. Sai muka ji ƙarar ɗan maɓallin ƙarfe a kan gilashin tebur.

“Ga ajiyarka,” in ji Baba. “An ce za ka zo karɓa. Ɗauki abarka, Allah ya yi albarka.”

Na ƙara danna kunnena a bango. Na ji kujerar Baba ta yi ƙara, alamar zai tashi ya sallame shi. Na rufe ido na ce shi ke nan, zai ce na gode, ya ce a gaida Umma.

“Baba,” ya ce. Ya tsaya, ya yi gyaran murya. “Ba ita na zo karɓa ba. Auta nake so. Na daɗe ina sonta, ban san yadda ake faɗa ba ne.”

Na sulale na zauna a cikin kwandon ƙyallaye da sabuwar rigata. Hawayen da na hana tun safe suka zubo, ina yi ina dariya ba sauti. Umma ta damƙi hannuna ta matse har zobenta ya shiga namana.

“To ga shi ka faɗa,” in ji Baba, kuma na ji murmushi a muryarsa. “Amma koma ka zauna. Akwai wanda aka ba izinin zuwa yau tun kafin kai, kuma ina jin motarsa ce ta tsaya a waje.”

Gaskiya ne. Ƙofar mota ta buɗe ta rufe, sai ta biyu. Sai muryar mace tana rangaɗa sallama tun daga bakin titi, tana kiran Umma da sunan da su biyu kaɗai suke kiran juna. Injiniya bai zo shi kaɗai ba, da mahaifiyarsa ya zo.

Na dubi Umma. Matar da ta shirya komai, ta kama ni, ta kama Mai Kemis, yau ga ta tsaye da allura a hannu ta rasa inda za ta soke ta. Ta gyara ɗankwali, ta sake gyarawa, ta leƙa taga ta dawo da sauri. Sannan ta kamo ni ta ɗaga daga cikin kwandon, ta kakkaɓe min zare daga bayan riga.

“Je ki buɗe musu ƙofa.”

“Ni, Umma?”

“Ke kika ɗinka,” ta ce, ta tura ni gaba ta ɓuya a bayana.